Akwati mai kwaɗo uku: ra'ayina kan tsarin ajiya da rance na SILC

Ga wanda ba shi da lokacin dogon karatu, ra'ayina shi ne idan aka buɗe ƙungiyar SILC a cocinku ko a unguwarku, ka shiga. Cikin duk hidimomin da na ga ana yi wa talaka a ƙarƙashin inuwar Ikilisiyar Katolika, ita ce ta fi barin mutum da mutuncinsa. Sai dai ina da magana a kan girman da ake ba ta a bakin masu yabonta, kuma maganar ba ƙarama ba ce. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu, littafin lissafi a hannuna yake, don haka abin da zan faɗa na gan shi ne a lambobi da kuma a fuskokin masu lambobin.

SILC, wato Savings and Internal Lending Communities, ƙungiyoyin ajiya da rance tsakanin mambobi, tsari ne na ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services, wadda bishop-bishop na Amurka suka kafa a 1943 don taimakon waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita, hedkwatarta kuma tana Baltimore. A 2006 ta fara yaɗa wannan tsari. Ba ita ta ƙirƙiro dabarar daga tushe ba. Ƙungiyar CARE ce ta fara irinsa a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe, kowace ƙungiyar agaji ta yi masa nata gyaran. Abin da ke ba mutane mamaki a zaman farko shi ne ba a kawo ko sisin kwabo daga waje. Koyarwa kawai ake kawowa. Jami'in da aka horar yana zama da ku, ya nuna muku yadda za ku rubuta dokokinku, ku zaɓi shugabanninku, ku riƙe littafi. Kuɗin naku ne, dokar taku ce, ribar ma taku ce. A zamanmu na farko wasu sun tashi sun tafi da suka ji babu rabon tallafi, kuma ban ga laifinsu ba, an daɗe ana saba musu da cewa duk taron da coci ya kira a kan talauci da buhu ake komawa gida.

Ƙungiya ɗaya takan ɗauki mutum 15 zuwa 30, su ne kuma suke zaɓen junansu. Ana zama duk mako. Akwai shugaba, sakatare, ma'aji, mai ƙirga kuɗi, da mutum uku masu riƙe makulli. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Ma'aji ce ke kwana da shi a gidanta amma ba ta da makulli ko ɗaya, masu makulli kuma ba sa kwana da akwati. Idan an zauna, ana ajiye shi a tsakiya inda kowa ke gani. Kafin a buɗe, shugaba takan tambaya nawa aka rufe da shi makon jiya, mambobi su faɗa da ka. Sai a buɗe, mai ƙirga ta zube kuɗin ta ƙirga da murya, takarda bayan takarda, har adadin ya yi daidai da abin da bakin jama'a ya faɗa da abin da na rubuta. Daga nan a karɓi gudummawar asusun taimakon juna, sai ajiya, sai biyan rance, a ƙarshe a saurari masu neman sabon rance. Wadda ta makara ta biya tara. Ba a karɓar kuɗi a bayan fage, ko a ƙofar coci, ko a gidan shugaba. Idan zango ya cika, wato wata 8 zuwa 12, a tattaro duk basussuka, a raba wa kowa ajiyarsa da ribar da ta hau kanta gwargwadon abin da ya zuba.

Wannan ƙirga da murya ita ce abin da na fi so a duk tsarin. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya tsayar da ni ta ce, “Malama, ba haka muka rufe ba,” kuma dole in koma shafin baya. Ban san wani wuri ba da matalauciya ke da ikon bincikar mai biro haka.

Mai karatu zai ce ai adashi ne aka sake wa riga. Akwai kama, amma bambancin shi ne zuciyar maganar. A adashi kwasa tana zuwa ne ranar da layi ya zo kanka, ita kuwa buƙata ba ta bin layi. A SILC ranar da ciwo ko jari ya taso kake neman rance, a cikin iyakar da ƙungiya ta yanka. Mu mun tsayar da ninki uku na ajiyar mutum. Ɗan abin da ake ɗorawa a kan rance kuma cikin akwati yake komawa, har wanda ya biya shi yana da rabo a ciki ranar rabawa.

A littafina akwai layin da ake rubuta dalilin rance, kuma wannan layin ya koya mini yadda talauci ke kama gida fiye da duk wata lacca. Ba lalaci ba ne. Yawancin mambobinmu tun asuba suke kan ƙafa. Abin da ke faruwa shi ne wata lalura ta faɗo rana ɗaya, babu ajiya, banki ba ya kallon irinsu, sai a tafi wurin mai ba da bashi da ruwa. Ruwan ya ninka kafin a ankara, sai a jinginar da kayan sana'a, sana'ar ta tsaya, bashin ya ci gaba da hawa. Wata 'yar'uwa mai ɗinki a cikinmu ta shigo ne kekenta yana hannun wani mai bashi tun rashin lafiyar mijinta. Ɗinki take yi a shagon wata ana ba ta kaso, alhali nata keken yana ajiye a ɗakin wani. Ta jima tana zuba mafi ƙanƙantar ajiya, ba ta cewa komai a zama. Ranar da ajiyarta ta kai, ta miƙe ta ce, “Mama Shugaba, ina neman rance in karɓo kekena.” Shugaba ta tambaye ta yadda za ta biya, ta lissafa ɗinkin da take samu a mako, da abin da zai zama nata gaba ɗaya idan keken ya dawo. Aka duba, aka amince. Ta biya kafin wa'adi. Babu wanda ya ba ta kyauta, babu wanda za ta riƙa sunkuyar wa da kai idan sun haɗu a Misa. Duk lokacin da na karanta sura ta 5 ta littafin Nehemiya, inda jama'a ke kuka sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa da haraji har 'ya'yansu sun shiga bauta, ita nake tunawa. Nehemiya bai raba musu hatsi ya sallame su ba, ya tara manya ne ya sa suka mayar da gonakin.

Ikilisiya ta daɗe da sanin cewa bashi da ruwa ɗaya ne daga cikin jijiyoyin talauci. A 1462 'yan zuhudu mabiya Faransis na Asisi suka sa aka buɗe asusun rance na talakawa a Perugia ta Italiya, inda mutum ke ajiye jingina ya karɓi ƙaramin rance ba tare da an shake shi ba. An yi ta gardama ko ɗan kuɗin da suke karɓa don gudanar da asusun riba ce haramtacciya, har sai da babbar majalisar Ikilisiya, wato majalisar Lateran ta biyar, ta halatta shi a 1515. A gabashin Kanada, daga 1928, Fada Moses Coady da Fada Jimmy Tompkins suka riƙa tara masunta da manoma a ƙananan azuzuwan karatu har suka kafa ƙungiyoyin gama kai da na ajiya. A 1955 Fada John McNulty ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a Jirapa ta arewacin Gana. Akwatinmu jikan waɗannan ne.

Wannan tsohuwar gardama ta Perugia mun yi irinta a zamanmu, domin ba Katolika kaɗai ke cikin ƙungiyar ba. Akwai 'yan wasu ɗariku, akwai Musulmi. Da aka zo rubuta doka, wata Hajiya ta ce ita ba za ta ci ribar da ta fito daga kuɗin ruwa ba, kuma ba za ta biya ba. Aka ɗauki lokaci a kai, babu wanda ya ɗaga murya. Abin da aka tsayar shi ne a bar lissafin ruwa mai hawa da tsawon lokaci, a sa ƙayyadajjen kuɗin hidima, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da rabon wannan kuɗi ba yana da damar barin kasonsa a asusun taimakon juna. Ta je ta yi shawara, ta dawo ta zauna. Yau tana cikin masu riƙe makulli. Tsarin ya ba da wannan sarari saboda ƙungiya ce ke rubuta dokarta, kuma na ba shi maki babba a nan.

To ina bisharar take? Wannan tambaya ta fito mini daga ɓangarori biyu. Akwai dattawan coci da suka ce wannan harkar kuɗi ce, aikin Fada shi ne bagade da wa'azi. Akwai kuma masu zafin himma da suka so a mai da zaman ajiya ƙugiya, a ce duk mai son shiga sai ya halarci ajin koyon addini. Duka biyun ban yarda da su ba, kuma koyarwar Ikilisiya ba ta tare da su. Majalisar bishop-bishop ta duniya da ta zauna a Roma a 1971 ta bayyana cewa yin aiki domin adalci sashe ne na ainihin shelar bishara. Fafaroma Bulus na Shida ya ƙara jaddadawa a 1975, a cikin wasiƙarsa Evangelii Nuntiandi, cewa ba a raba bishara da ci gaban ɗan Adam, domin wanda ake yi wa wa'azin mutum ne mai ciki da iyali da bashi. A ɗaya gefen kuma, Fafaroma Benedict na 16 ya faɗa ƙarara a 2005, a cikin wasiƙarsa Deus Caritas Est, cewa ba a amfani da aikin ƙauna a matsayin hanyar jan mutane zuwa addini, kuma Kirista ya san lokacin maganar Allah da lokacin yin shiru ya bar ƙauna ta yi magana.

Ga yadda na ga abin ya kasance. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya rasu da rance a kansa, ya bar mata da ƙananan yara. Dokarmu ta ba da damar cire bashin daga ajiyarsa. Ajiyar kuwa ita ce kaɗai abin da zai shiga hannun matar. Aka yi shiru, kowa na lissafin abin da zai ragu a rabonsa idan aka yafe. Wani dattijo ya ce, “'Yan'uwa, kowace safiya muna roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa. Yau ga shi a gabanmu.” Hajiya ce ta fara ɗaga hannu. Aka yafe, aka kai wa matar ajiyar mijinta cif. Bayan kwanaki ƙanin mamacin, wanda ya daɗe da barin coci, ya tare ni yana tambaya me ya sa talakawa irinsa za su bar kuɗinsu haka. A nan na yi masa maganar Almasihu, da sunansa, ba ɓoye-ɓoye, domin shi ya tambaya. Bulus na Shida ya ce shaida ta rayuwa ba ta wadatarwa idan ba a kai ga furta sunan Yesu ba, na kuma yarda. Amma wurin furtawar ba bakin akwati ba ne. Ranar da aka sa sharaɗin addini a kan rance, mun zama wani mai bashin da ke karɓar jingina mafi tsada.

Yanzu ga inda hidimar ta gaza. Na farko, kuma wanda ya fi damuna, mafi talauci ba ya shiga. Tunda mambobi ke zaɓen junansu, suna zaɓen wanda suka tabbata zai biya. Gwauruwar da ba ta da sana'a, nakasasshe, baƙon da bai da mai tsaya masa, su ne ake tsallakewa, ba da mugunta ba, da tsoro. Ko an gayyace su, mafi ƙanƙantar ajiyar mako tana iya fin ƙarfinsu. Tsarin yana da wata dabara ta ɗorewa, inda jami'an da aka horar aka ba su shaida suke ci gaba da kafa ƙungiyoyi bayan aikin tallafi ya ƙare, ƙungiyoyin ne kuma ke biyan su ladan aiki. Dabara ce mai kyau, ita ta sa tsarin ba ya mutuwa da tafiyar masu ba da tallafi. Amma duk wanda ladansa ke fitowa daga aljihun mambobi, dole ƙafarsa ta fi saurin zuwa inda aljihun ke da ɗan nauyi.

Sauran gazawar a bayyane suke. Rancen ƙarami ne, wa'adinsa gajere, yana isa a ƙara kaya a tebur amma ba ya isa a sayi injin. Farkon zango akwati babu komai, ƙarshen zango kuma ya cika har ma'aji ba ta barci da ido biyu rufe. Idan farashi na hawa, abin da ka ajiye a watan farko ya rage daraja kafin ranar rabo. Idan masifa ta faɗa wa kowa a lokaci ɗaya, fari ko ambaliya ko rikici, kowa na neman rance, babu mai zubawa. Akwai kuma kunya. Wanda ya kasa biya a gaban maƙwabtansa yake kasawa, kuma na ga wadda ta je ta ci bashin waje mai ruwa don kawai kada a kira sunanta a zama. Shugaba mai hankali tana iya gano wannan ta sassauta wa'adi, amma littafi ba ya koya wa mutum tausayi.

Masu bincike ma sun auna. A 2017 masanin tattalin arziki Dean Karlan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwaji a Gana da Malawi da Yuganda a kan ƙungiyoyin ajiya na CARE, 'yan'uwan SILC na jini. Sun samu ƙaruwar ajiya da samun rance, sana'o'in gida sun inganta, mata sun ƙara samun ta cewa a gidajensu. Amma ba su ga abin da gida ke ci da kashewa ya ƙaru ba a matsakaici. Wannan ya yi daidai da abin da littafina ke nuna mini. Mutanenmu sun daina faɗawa rami da sauri kamar da. Kaɗan ne suka haura sama.

Shi ya sa nake jin nauyi idan aka tsaya a taro aka ce da wannan akwati mun tumɓuke talauci daga tushe. Jijiya ɗaya ya yanke, ta bashi da ruwa da rashin wurin ajiya, kuma ya yanke ta da kyau. Bai taɓa ladan aikin da ba ya ciyar da iyali ba. Bai taɓa gonar da aka ƙwace saboda babu takarda ba, ko makarantar da babu malami, ko asibitin da sai ka biya kafin a dube ka. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, a 1987, ya kira irin waɗannan tsare-tsare na zunubi, wato zaluncin da ya zauna a cikin doka da kasuwa da mulki har ya zama kamar babu mai laifi. Fafaroma Faransis ya ce a 2013, a cikin wasiƙarsa Evangelii Gaudium, ayyukan jin ƙai maganin wucin gadi ne, gyaran tushen rashin daidaito kuma ba zai jira ba. Ikilisiya ta taɓa nuna tana iya wannan babban aikin. Tun 1994 Yohanna Bulus ya yi kira a rage ko a yafe bashin ƙasashe matalauta albarkacin Jubili ta 2000, wato shekarar yafiya ta Ikilisiya, Kiristoci na ɗariku daban-daban suka matsa, a 2005 kuma manyan ƙasashe takwas suka amince a taronsu na Gleneagles ta Scotland a yafe wa ƙasashe 18 na farko bashin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Raya Afirka ke bin su. A Amurka, tun 1970 bishop-bishop suke tara baiko na musamman duk shekara don ƙungiyoyin da talakawa da kansu ke jagoranta wajen neman gyaran albashi da gidaje da dokoki, kashi ɗaya cikin huɗu kuma yana zama a dayosis ɗin da aka tara shi. Tsorona shi ne akwati ya zama wurin fakewa, a ce ai mun koya musu ajiya, sai a huta da faɗa wa masu iko gaskiya. Ajiya ba ta ɓata wa kowa rai, maganar adalci kuwa tana jawo wa Fada baƙin jini.

Duk da haka, a cikin tsarin akwai ƙofar zuwa wannan babban aikin, idan an so a buɗe ta. Da na tattara dalilan rance na zango guda, sai na ga kuɗin asibiti da magani sun fi jari yawa. Ma'ana muna ajiya ne muna toshe ɓarakar da ba mu muka yi ta ba. Na karanta wa ƙungiya, aka yarda in kai jimillar gaban majalisar coci ba tare da sunan kowa ba. Daga nan aka tuntuɓi sauran ƙungiyoyi su ma su tattara nasu, aka miƙa wa ofishin adalci da zaman lafiya na dayosis, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi. Mutanen da suka saba zama duk mako, suna zaɓen shugabanni, suna bincikar lissafi, suna gardama su rabu lafiya, sun riga sun koyi rabin abin da ake buƙata don tsayawa gaban hukuma. Da ni ce mai tsara koyarwar, da na sa wannan mataki a cikinta tun zango na biyu.

Wanda zai shiga, ya nemi a karanta masa dokar ƙungiya tun kafin ya zuba komai, musamman abin da ta ce a kan mutuwa, da rashin lafiya mai tsawo, da wanda ya kasa biya. Ya duba cewa masu makulli ba 'yan gida ɗaya ba ne da ma'aji. Ya tambayi ladan jami'i da abin da zai yi a kan ladan. Idan ya ga ana karɓar kuɗi a wajen zama, ko shugaba ce ke cin rance mafi girma kowane lokaci, ya nemi wata ƙungiyar. Kada kuma ya ci rance don kawai akwati na da kuɗi ana neman mai ɗauka, wannan matsin yana zuwa a tsakiyar zango kuma ya jefa mutane da dama cikin bashin da ba su buƙata.

A sabon zangonmu mun ƙara doka guda. Mun ware kujeru biyu ga waɗanda ba za su iya ajiyar mako ba, asusun taimakon juna zai riƙa zuba musu mafi ƙanƙantar ajiya na watannin farko, su mayar ranar rabo ba tare da ƙari ba. Matar ɗan'uwanmu da ya rasu ce ta karɓi ɗaya, ɗayar kuma shugaba da Hajiya suna kan zagayen gidaje suna neman wadda za a ba.